Kalma Ɗaya a Kontaran Gyaɗa Ta Raba Ni da Ƙanin Mijina

Tanti Saliha, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara. Na fita daga wata babbar damuwa lafiya, har yanzu hamdala nake yi, amma ta bar mini wata ƙarama wadda ta ƙi sakin zuciyata, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a nan ba tare da maganar ta koma gidan surukaina ba. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ni malama ce, ina koyar da Ingilishi a wani kwaleji a Magaria. Maigidana ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, ɗan asalin Kwaya. Mahaifiyarsa, wadda zan kira Inna Ƙande, ita ce shugabar ƙungiyar mata manoman gyaɗa a can. Sun haɗa ƙauyuka da dama, suna da mangazarsu ta ajiyar kaya da injin ɓara. Ƙanin maigidana, Ilyasu, shi ne sakataren ƙungiyar tun kafuwarta. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya, ya yi lakwal, watau karatun boko, har lise, babbar sakandare, Faransancinsa ba laifi. Tun da aka kawo ni gidan shi ne abokin wasana. Madam Gudmoni yake kirana, ni kuma in ce masa ƙaramin maigida. Duk ranar kasuwar Magaria a gidana yake cin abincin rana, ya suɗe kwano sannan ya ce gishiri bai ji ba. Inna kuwa ba mu taɓa saɓawa ba, amma kuma ba mu saba ba. Na taɓa jin ta daga ɗaki tana tambayar maigidana wai me ake yi da Turancin da ba na ƙasarmu ba.

Bara ƙungiyar ta samu babban mai saye, wani kamfanin matse mai a Kano, na wani Alhaji Dikko. Farashinsa mai kyau ne, aibinsa ɗaya: ya ɗauki kaya yau, biya sai bayan watanni. Mata kuwa ba sa iya jira, kin san yadda gida yake, ga iri da taki da ake so kafin ruwa ya sauka. Sai wani gidan kuɗi a Damagaram ya kawo musu wata hanya. Idan an loda gyaɗa aka rubuta faktir, watau takardar da ke nuna abin da kamfanin zai biya, sai ƙungiya ta miƙa wa gidan kuɗin wannan faktir, su ba ta mafi yawan kuɗin nan take, su kuma su jira su karɓa daga Kano, su cire ladansu. Da Faransanci ana kiran wannan affacturage, da Ingilishi factoring. Ni kaina a lokacin ban taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Gidan kuɗin ya aiko da kontara, watau takardar yarjejeniya, da Faransanci, ya ce sai Alhaji Dikko ya sa hannu cewa ya yarda su zai biya maimakon ƙungiya. Lauyan Alhaji ya ce ba a sa hannu a kan abin da ba a iya karantawa, a kawo da Ingilishi. Ina zaune a Magaria da lisans ɗina, digirin jami'a na Ingilishi, ba wanda ya tuna da ni. Ba zan ce ban ji ciwon wannan ba da na sani daga baya. Ilyasu ya ɗauki hoton shafukan da salularsa, ya zuba a manhajar fassara, ya ɗan gyaggyara, ya tura Kano. Sauri ake yi, motar kaya tana jira.

A cikin kontaran akwai kalmar adhérent kusan a kowane layi. A takardun ƙungiyoyinmu wannan kalma 'yar ƙungiya take nufi, ita ce ma a jikin katin kowace mace. Na'ura ta mayar da ita member, Ilyasu ya ga daidai ne. To akwai wurin da aka ce idan mai saye bai biya ba, gidan kuɗi zai koma kan adhérent. Lauyan Kano ya karanta, ya bugo waya ya ce su wane ne waɗannan membobin da kontara ya rataya a wuyansu, a aiko masa da sunayensu duka da hoton katin ɗan ƙasa. Ilyasu da zuciya ɗaya ya fara bi gida-gida yana karɓar katuna. Da aka tambaye shi dalili, sai ya faɗi abin da ya fahimta, bai rage ba bai ƙara ba.

Tanti, kafin kasuwar Guci ta sake ci, labari ya zama wai Inna Ƙande ta jinginar da matan Kwaya ga banki, idan Bakano ya gudu jandarmomi za su zo su kwashe awaki da gadaje. Mata suka riƙa zuwa da amalanken jaki suna kwashe buhunansu daga mangaza. Wata tsohuwa, Ɗela, wadda ke riƙe da jikoki marayu, ta sa aka kora awakinta har garin Dogo-Dogo wajen ƙaninta don a ɓoye su. An yi suna a maƙwabtan Inna, da ta shiga sai mata suka tsuke baki, wasu suka tashi daga tabarmar. Matar da ta yi shekaru tana sasanta rigimar gidajensu.

Akwai kuma kalma ta biyu, remise. A kasuwa ragi take nufi, na'ura ta rubuta discount. Alhaji Dikko ya ga an ce za a riƙa yin discount na faktir duk wata, ya yi murna, ya aiko yana tambayar nawa za a rage masa a kowane buhu. Sai ga shi mai saye yana jiran ragin da ba wanda ya yi masa alkawari, masu sayarwa kuma suna gudu da kayansu.

Wata Asabar da hantsi ina wanki sai ga Inna a kan kabu-kabu, ita kaɗai, ba sanarwa. Ta rame, idanu sun faɗa. Ko ruwan da na kawo ba ta sha ba, ta fito da takardun daga leda, na Faransanci da na Ingilishi, ta shimfiɗa a kan tabarma. Abin da ta ce kawai shi ne, "'Yar nan, duba mini ko da gaske na sayar da mutane." Sai da na juya baya na share ido.

Na karanta, kaina ya yi zafi. Ni adabi da nahawu na karanta, ban san komai ba game da lissafin kamfanoni. Amma wani abu ya tsaya mini a rai. Kontaran yana cewa adhérent shi ke rubuta faktir, shi ke loda kaya, yana da hatimi da asusu a banki. Na ce a zuciyata, wace mace ce a Kwaya take da hatimi? Duk da haka ban yarda da zatona ba, domin zato ne ya kawo mu inda muke. Na nemi izini wajen diraktan makarantarmu, na hau mota zuwa Damagaram.

A gidan kuɗin aka haɗa ni da kontabul ɗinsu mai kula da lissafi, Madam Zeinabou. Da na gaya mata yadda aka fassara kalmomin sai ta dafe kai. Ta jawo farar takarda ta zana da'ira uku, ɗaya ƙungiya, ɗaya Kano, ɗaya su, ta yi ta jan kibiyoyi tsakaninsu. Ta ce a sana'arsu adhérent shi ne wanda ya kawo musu faktir, watau ƙungiyar a dunƙule, ba matan ɗaya bayan ɗaya ba. Remise kuma miƙa takardun ne hannu da hannu, ba ruwanta da ragi. Na ce to awakin Ɗela fa? Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ba ruwansu da akuyar kowa, abin da ke kan kowace mace bisa dokar ƙungiyarsu bai wuce ɗan jarin da ta zuba ba. Tanti, a kan kujerar nan na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ƙirji. Na fita bakin titi na buga wa Inna. Ban ji wata amsa ba sai hamdala da kuka.

Sai dai Madam Zeinabou ba ta jin Ingilishi, sauran aikin nawa ne. Kullum na tashi daga makaranta sai in zauna in yi ta karanta irin waɗannan yarjejeniyoyi da Ingilishi a intanet, ina kiran wani tsohon ɗan ajinmu, Sidi, wanda ke aiki a banki a Katsina. Abin da ya fi rikita ni, a Ingilishi ƙungiyar ce ake kira client, alhali a kontaran Faransanci client shi ne mai saye, watau Alhaji Dikko. Kalma ɗaya, amma da ta ƙetara iyaka sai ta canza mai ita. Da na bi kunnena, da na ɗora wa ƙungiya nauyin Alhaji, na ɗora wa Alhaji na ƙungiya. Shi Alhajin debtor na kira shi, remise kuma na sa submission. Na jera Faransanci a hagu, Ingilishi a dama, na tura wa Sidi, ya gyara mini wurare da dama, har da wani inda na yi rantsuwa daidai nake.

Akwai abu guda kuwa da ba fassara ta ƙirƙiro shi ba. Inda aka rubuta avec recours, watau with recourse, gaskiya ne: idan Kano ba ta biya ba, gidan kuɗi zai dawo kan ƙungiya, kan mangaza da injin ɓara. Inna ta roƙe ni kada in taɓo wannan a taron da za a kira don a yi wa mata bayani. Ta ce mata sun riga sun firgita, a bari su dawo da buhuna tukuna, daga baya a faɗa musu. Na durƙusa na ce ta gafarce ni, ba zan iya tsayawa gaban mutane in karanta musu rabi ba. Ta tashi ta shiga ɗaki. Na ɗauka mun koma gidan jiya.

Aka yi taron bayan azahar a gaban mangaza. Na bi kontaran da Hausa sannu a hankali, na faɗi mai daɗi na faɗi mai ɗaci. Da na zo kan maganar injin sai wuri ya ɗauki gunaguni. Wata Hamsatu, mai sana'ar ƙuli-ƙuli wadda ba ta tsoron kowa, ta tsawatar aka yi shiru, sannan ta tambaye ni ko babu irin wanda ba a dawowa kan ƙungiya. Na ce akwai, sans recours ake kiransa, amma ladan gidan kuɗi ya fi yawa. Suka yi ta muhawara har la'asar, a ƙarshe suka zaɓi wannan. Hamsatu ta ce gara a ci kaɗan a yi barci.

Gidan kuɗin ya yi bincikensa a kan kamfanin Kano ya amince. Alhaji Dikko ya yi ɗan ƙorafi a kan raginsa, lauyansa ya nuna masa layi da layi, ya haƙura ya sa hannu. Buhuna suka dawo. Awakin Ɗela ma suka dawo, har da ƙarin ɗan akuya da aka haifa a can. Kuɗi suka shigo kafin shuka, kowace mace ta sayi irinta a kan kari. Inna yanzu ita ke kirana ta gaishe ni, ta aiko mini da man gyaɗa da kaza, har ta kwana a gidana. Wallahi Tanti, in na tuna inda abin nan ya nufa, sai in ji ba ni da bakin godiya.

To ga abin da ya sa na rubuto. A wajen taron nan Ilyasu ya miƙe ya ce shi bai gamsu ba, ta yaya za a kira mu client alhali mu ne masu sayarwa? Tambaya ce mai kyau, ni ma na yi wa Sidi ita. Amma na gaji, ga idon mutane, ga kuma wasan da muka saba yi tsakaninmu. Sai na ɗaga takardar fassararsa na ce, "Ƙaramin maigida, salularka ba ta je lakwal ba." Aka kwashe da dariya. Da a tsakar gidana ne, da ya rama mini da wadda ta fi ta zafi. Sannan da aka tashi, Inna cikin murnarta ta ce a bainar jama'a ɗan da ta haifa ya tura ta rijiya, wadda aka auro ta ciro ta. Ilyasu ya tattara takardunsa ya hau moto ya tafi.

Tun ranar bai taka gidana ba. Na haɗu da shi a kasuwa, ya ce mini ina wuni Malama, kamar baƙo, ya wuce. Matan ƙungiya sun laƙaba masa Mushe Memba, kamar a ce Malam Memba. Matarsa Nafi, wadda muke ƙawance da ita, in na kira ta sai ta amsa a gajarce ta ce tana aiki. Ya gaya wa wansa zai ajiye sakatarci bayan kaka. Maigidana ya ce in ƙyale shi, namiji ne, zai huce. Ni kuwa na san shi ne ya ɗauki ƙungiyar nan a kansa shekara da shekaru ba albashi, shi ke zuwa duwan, wajen 'yan kwastan, shi ke auna buhu cikin rana, shi ke shan zagi in an samu ƙwari a mangaza.

Sai kuma abu na biyu. Tun da labari ya bazu, ƙungiyoyin Guci da na Dungass da 'yan kasuwar wake suna ta kawo mini takardu. Gidan kuɗin ma ya ce zai riƙa ba ni aiki idan na yarda in sa hannu a ƙasan kowace fassara. Ba zan ɓoye miki ba, ina so. Na ji daɗin ganin karatuna ya yi amfani a wajen aji. Amma ina tsoro. Na ga abin da kalma ɗaya ta yi wa gari guda. Wannan karon Allah ya rufa asiri, na samu Zeinabou na samu Sidi. Gobe fa, in ni ce na yi kuskuren, kuma ga sunana a ƙasa?

Shin in je in ba Ilyasu haƙuri, alhali gaskiya na faɗa? In na je, ba zai ga kamar tausayinsa nake ji ba? Aikin kuma in karɓa ko in tsaya ga allona?

Taki,
Malamar Ingilishi, Magaria.

Amsar Tanti Saliha

Wa alaikumus salam, Malama. Barka da arziki, ke da Inna da matan Kwaya. Na karanta wasiƙarki da murmushi, musamman inda awaki suka dawo da riba. Kin yi abin kirki, kuma ina so ki fara da yarda da hakan kafin mu shiga sauran. Kin yi zato amma ba ki tsaya a kansa ba, kika biya kuɗin mota kika je kika tambaya. Ranar da kika ƙi karanta rabin takarda kuwa, ranar kika tsare mutuncin Inna, ko da ita ba ta gani ba a lokacin. Da an ɓoye maganar injin ta fito daga baya, babu fassarar da za ta wanke ta.

Yanzu Ilyasu. Ya yi kuskure, ba zan shafa masa mai ba. Takardar da za ta ɗaure mutane da yawa ba a miƙa wa na'ura ita a tura, balle ga malamar Ingilishi a cikin gida. Amma ki duba ɗaya gefen. Kalmar da ta yaudare shi ta yaudari lauya. Kuma da mata suka tambaye shi, bai yi musu ƙarya don kontara ya wuce ba, ya faɗi abin da ya ɗauka gaskiya ne, ko da zai ɓata wa mahaifiyarsa ciniki. Irin halin da kika nuna ke nan a taro, bambancin kawai ke kin samu amsa daidai. Ƙungiyar da ta rasa sakatare irin wannan ta yi asara.

Wasan matar wa da ƙanin miji yana da muhallinsa, kin faɗa da bakinki. A gaban mangaza Ilyasu sakatare ne da ya yi tambaya a gaban mutanen da yake wa aiki, kuma tambayarsa ta cancanci amsa. Saboda haka ki ba shi haƙuri, amma ki san a kan me. Fassararki ba ta buƙatar neman gafara, kada ki ce masa wataƙila shi ma daidai yake, zai gane daɗin baki ne, abin ya ƙara ci masa rai. Dariyar da kika jawo masa ita ce laifin. Ki faɗa masa haka a taƙaice: tambayarka mai kyau ce, ni ma na yi ta, na amsa maka da wasa a inda bai dace ba, ka yafe mini. Kada ki yi ta waya, kada kuma ki tare shi a kasuwa. Zumunta a ƙafa take. Ku je Kwaya ke da maigidanki, ku zauna a gidansa, Nafi tana wurin, domin ita ma kunyar ta shafe ta. In ya amsa da sanyi kada ki matsa. Kin ajiye naki, ki bar masa lokaci.

Game da tsoron kada ya ga tausayi ne, maganinsa ki je masa da buƙata ta gaske, kuma kina da ita. Ke kin san Ingilishi, shi ya san duwan da awo da halin kowace mace a ƙungiyar. Bayanin kontara da Hausa, wanda ya kamata a rubuta a ajiye a mangaza, ba za ki iya shi ke kaɗai ba. Ku yi shi tare, kuma a taro na gaba shi ya karanta, ke kina zaune.

Sai dai ki sani, maganarki ba ita ce ta fi yi masa nauyi ba. Ta Inna ce. Wannan kuwa ba hurumin suruka ba ne, aikin maigidanki ne, kuma ban yarda da shi ba da ya ce a ƙyale. Namiji yakan huce a fuska abin yana nan a ciki. Ya zauna da mahaifiyarsa cikin ladabi ya nuna mata cewa abin da aka faɗa a gaban jama'a, a gaban jama'a ake gyara shi. Kalma biyu ta yabo daga bakinta a taro za su kashe sunan nan da aka laƙaba masa, musamman in Hamsatu ta mara mata baya. Ke kuma ki kiyaye, kada ki zama sandar da Inna ke dukan ɗanta da ita. Duk lokacin da ta yabe ki ta hanyar kushe shi, ki ambaci wahalar da ya sha wa ƙungiyar. In bayan duk wannan ya nace zai ajiye aikin, haƙƙinsa ne, amma ya ajiye da mutuncinsa.

Aikin fassara kuwa, ki karɓa. Tsoron da kike ji kada ki kore shi, shi ne ya kai ki Damagaram, mai fassarar da ba ya tsoron kalma shi ne abin gudu. Amma kafin ki sa hannu a kan komai, ki tambayi gidan kuɗin a rubuce abin da sa hannun naki yake ɗora miki, ki nuna wa wani masanin shari'a, ki kuma binciko ko irin wannan takarda tana buƙatar mai fassarar da kotu ta rantsar. Ki tambayi diraktanku abin da dokar aikinki ta yarda da shi, kada yaran ajinki su biya kuɗin sabuwar sana'arki. A kowace fassara ki nemi a rubuta cewa in an samu saɓani, asalin Faransanci shi ne abin dogaro. Ki ci gaba da jera harsunan biyu kafaɗa da kafaɗa, kuma kada takarda ta fita daga hannunki sai wani ɗan sana'ar ya duba, ki ba shi ladansa a cikin naki. Duk wanda ya ce mota tana jira, ki ce masa ta jira. In hali ya yi, ki ɗan yi kwas na lissafin kasuwanci a lokacin hutu. Ki riƙa tuna wa masu zuwa cewa ke abin da takarda ta ce kike faɗa, shawarar sa hannu tasu ce. Tunda kuma abin ya shafi miƙa bashi da lada a kansa, ki ba ƙungiyoyin shawara su ji ta bakin malamin da ya san fiƙihun ciniki. Wannan ba fagena ba ne, ba naki ba ne.

Ki yanke lada tun farko, har ga dangi, ko da daga baya za ki yafe. Aikin da ba a sa wa farashi ba, ba a ganin nauyinsa.

Ki shirya tafiyar Kwaya a makon nan, tun raunin bai yi tabo ba. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara wa Inna lafiya, ya sa albarka a alƙalaminki, ya ba matan Kwaya damina mai albarka.

Tanti Saliha